Abin da watannin farko na shirin tallafin shari'a suka koya mini

Idan masu ba da tallafi daga ƙasashen waje suka amince da kuɗin shirin da zai sauƙaƙa wa talaka samun adalci, akan ware watannin farko don share fage. A kama ofis, a ɗauki ma'aikata, a kai gaisuwa wurin Babban Joji da Girandi Kadi da Kwamishinan Shari'a da na 'yan sanda. Na yi irin wannan aiki a wata jiha ta Arewa, kuma na fito da yaƙinin cewa a waɗannan watanni ne shiri yake samun kansa ko ya ɓata.

Takardar shirin da aka rubuta a ƙasar masu tallafi tana yawan ɗauka cewa doka ce babu. Doka kuwa tana nan. Dokar gudanar da shari'ar manyan laifuka ta tarayya ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, ta hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniya, ta ce mace tana iya tsaya wa wanda za a ba beli. Sashe na 34 ya wajabta wa majistare ya leƙa ofisoshin 'yan sanda na yankinsa aƙalla sau ɗaya a wata. Jihohi sun yi tasu irinta, Kano a 2019. Hukumar ba da lauya kyauta kuma tun 1976 take. Duk da haka, kusan kashi 2 cikin 3 na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba.

Saboda haka aikin da ya fi amfanar mu shi ne bin fayil da ƙafa. Ga yadda abin yake tafiya. An kama saurayi bisa zargin fashi da makami. An kai shi gaban majistare, wanda ba shi da hurumin sauraron wannan tuhuma, sai ya tura shi gidan yari a jira shawarar lauyoyin ma'aikatar shari'a. Kafin su ba da shawara sai 'yan sanda sun aika musu da kwafin fayil. Kwafin yana buƙatar takarda da kuɗin buga ta da mai kai ta. Idan aka yi wa ɗan sandan da ya yi bincike canjin wurin aiki, fayil ya kwanta ke nan. Uwar yaron tana sayar da akuya tana biyan kuɗin mota zuwa kotu, ana ce mata a dawo wata mai zuwa. Babu taron bita a otal da zai motsa wannan fayil. Abin da na ga ya motsa shi shi ne rijista guda da kowane ɓangare yake gani, da zama a kan kari inda ɗan sanda da lauyan gwamnati da magatakardan kotu da jami'in gidan yari suke karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi inda ya tsaya.

Sai maganar inda mutane suke kai kuka tun kafin mu zo. Rikicin gona da makiyayi, gado, iyakar fili, matar da aka saka ba a ba ta kuɗin ciyar da yara, yawanci wurin mai unguwa ko dagaci ko liman ake fara kai su, a Kano kuma har da Hisba. Shirin da ya tsallake waɗannan mutane ya tsallake mafi yawan ƙararraki. Amma ban yarda a rungume su ido rufe ba. Akwai abin da ba na sulhu ba ne. Fyaɗe laifi ne, kuma duk zauren da aka lallashi iyayen yarinya da "a rufa asiri" an zalunce ta. Wannan iyaka tun ranar farko ya kamata a faɗe ta a gaban masu sarauta, cikin ladabi, ba tare da kwana-kwana ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar tafiyar masu tallafi. Kafin mu akwai shirye-shiryen tallafin shari'a irin su J4A da Birtaniya ta ɗauki nauyi, sannan RoLAC na Tarayyar Turai daga 2017, kowanne da wa'adinsa. Idan shiri ne yake sayen man motar da majistare zai zagaya ofisoshin 'yan sanda, to ranar da kuɗin ya ƙare zagayen ya ƙare. Shi ya sa yanzu, kafin mu sa hannu a kan kowace yarjejeniya da jiha, nake neman a zauna da daraktan kasafin kuɗi na ɓangaren shari'a, a nuna mini layin da za a rubuta kuɗin man nan da na takardar kwafin fayil a kasafin shekara mai zuwa.