Awa huɗu a cikin kula: yadda ake adana zuciya kafin dashe

Duk wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ya san yadda masu kifi da nama ke yi: a jibga ƙanƙara a kula, iya yawanta iya kwanciyar hankali. Wannan dabara ba ta yi wa zuciyar da za a dasa wa mutum. Sanyin da take so mai awo ne, tsakanin digiri 4 da 8. In aka yi ƙasa har ta kusa daskarewa, tsokarta ta lalace. In aka yi sama, ta cinye ɗan guzurinta tun ba a isa ba.

Agogo yana fara tafiya ne daga lokacin da likita ya matse awota, babbar jijiyar da ke fita daga zuciya, kuma ba ya tsayawa sai jini ya sake ratsa ta a ƙirjin mai karɓa. Abin da ake nema shi ne kada a wuce awa 4. Da an doshi awa 6, haɗari ya yi yawa. Ƙoda tana jure awa 24, hanta wajen 12, amma zuciya ba ta da wannan haƙurin. A cikin awa huɗun nan har da cirewa, da ƙunshewa, da ɗinkin da kan ci kusan awa guda. Wanda ya taɓa bin mota daga Sakkwato zuwa Abuja ya san zancen hanya bai ma taso ba, sai jirgi.

Amfanin sanyi shi ne rage aikin ƙwayoyin tsoka. Duk saukar digiri 10 tana rage shi da kusan rabi, don haka daga 37 zuwa 4 abin da ya saura bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Amma fa bai tsaya ba. Sinadarin ATP, wanda shi ne man tsoka, yana ci gaba da ƙarewa, asid kuma yana taruwa. Sannan sanyin da kansa yana da tasa ɓarnar. A jikin kowace ƙwaya akwai ɗan famfo mai fitar da sodiyam yana shigo da fotasiyam. Sanyi na kashe shi, sai sodiyam ya kwararo ciki, ruwa ya bi shi, ƙwaya ta kumbura, kalsiyam ma ya samu ƙofa. Shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa marar lafiya, kome sanyinsa, ba ya wadatarwa.

Ruwan adanawa, wato wanda ake ɗura wa zuciya a kuma jiƙa ta a cikinsa, da aka fi sani uku ne. Na Jami'ar Wisconsin a Amurka, wanda Belzer da Southard suka haɗa a ƙarshen shekarun 1980, yana kwaikwayon ruwan cikin ƙwaya: fotasiyam mai yawa, wajen milimol 125 a lita, sodiyam kaɗan, da manyan sinadarai irin su laktobayonet da rafinos waɗanda ba sa ratsa ƙwaya, sai su riƙe ruwa a waje. Yana da kauri, kuma wasu likitoci na ɗari-ɗari da yawan fotasiyam ɗinsa saboda shimfiɗar cikin jijiyoyin zuciya. HTK, wanda Bretschneider ya ƙirƙira a Jamus kuma ake sayarwa da sunan Custodiol, tsinkakke ne kamar ruwa, sodiyam ɗinsa milimol 15 kacal, ƙarfinsa kuma yana ga histidin mai shanye asid. Celsior daga Faransa ya fito, an yi shi musamman don zuciya, sodiyam 100, fotasiyam 15. A ganina gardamar wanne ya fi ba ta kai a ɓata lokaci a kanta ba. Mintunan da aka ɓatar a hanya sun fi sunan da ke jikin leda tasiri.

A ɗakin tiyata, mai bayarwa yawanci wanda aka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu ne, na'ura ke masa numfashi. Ana ba shi heparin, kimanin yunit 300 ga kowane kilo, don kada jini ya daskare. A sa siririn bututu a gindin awota, a ɗaure babbar jijiyar da ke dawo da jini daga sama, a yanka ta ƙasa, a kuma buɗe wata kafa a ɓangaren hagu don jini ya samu mafita. Sai a matse awota, a saki ruwan mai sanyin digiri 4, lita 1 zuwa 3 gwargwadon irinsa. HTK na buƙatar minti 6 zuwa 8 yana gudana kafin ya ratsa. Cikin daƙiƙu kaɗan zuciya za ta tsaya, ta yi laushi.

A nan ne ake yawan yin ɓarna. Dole hannun likita ya zauna a kan ɗakin zuciya na hagu na ƙasa. In ya ji yana cika yana tauri, to ko mafitar ba ta isa ba, ko murfin awota na yoyo, ruwan yana zuba cikin ɗakin maimakon ya bi jijiyoyin tsoka. Kumburin 'yan mintuna ya isa ya raunana tsokar ciki. Matsa ruwan da ƙarfi fiye da kima kuma yana illata jijiyoyi.

Bayan cirewa, zuciya na shiga leda mai tsabta cike da ruwan adanawa, a fitar da iska, a ɗaure. Ledar ta shiga ta biyu mai ruwan gishiri mai sanyi, ta biyu ta shiga ta uku, sannan kula. Ƙanƙara ba ta taɓa zuciya kai tsaye. Wadda aka ciro daga firiza tana iya zama digiri 18 ƙasa da sifiri, sai an bar ta ta fara narkewa ta jiƙe. Gefen da ya jingina da busasshiyar ƙanƙara yana iya daskarewa alhali tsakiya ba ta gama yin sanyi ba.

Sakamakon duk wannan ba ya bayyana sai an saki jini ya ratsa zuciyar a ƙirjin mai karɓa. Oksijin na dawowa da ƙarfi, ya haifar da sinadarai masu ƙona ƙwayoyin da suka riga suka galabaita. In ɓarnar ta yi yawa, sabuwar zuciya ta kasa bugawa da kyau a cikin awa 24 na farko, har a jingina marar lafiya da na'urar ECMO, mai yi masa aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. Zuciyar dattijo, da wadda hawan jini ya kaurara bangonta, sun fi saurin faɗawa wannan hali, ga shi kuwa hawan jini ya yi mana yawa.

Tun dashen farko da Christiaan Barnard ya yi a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu ranar 3 ga Disamba, 1967, inda mai bayarwa da mai karɓa ke asibiti ɗaya, nisa ake ta ƙoƙarin ƙarawa. Yanzu akwai akwatin SherpaPak mai riƙe digiri 4 zuwa 8 ba tare da zuciya ta kusanci ƙanƙara ba, da na'urar TransMedics mai ɗaukar ta tana bugawa da jini mai ɗumi. Duka da tsada.

Dashen zuciya bai zama aikin asibitocinmu ba tukuna, amma irin waɗannan ruwan ne ake wanke ƙoda da su, HTK kuma ana tsayar da zuciya da shi a tiyatar buɗe ƙirji. Shi da Celsior a firiji ake ajiye su, tsakanin digiri 2 da 8. Inda wuta ke ɗaukewa, firijin na buƙatar batirin sola da ma'aunin da ke rubuta zafi dare da rana, a kuma duba ledar kafin a buɗe: in ruwan ya gurɓace, ko an ga alamar ya taɓa daskarewa, a jefar.