Abin da na kwaso daga ɗakin saba

Ƙarshen watan nan nake ajiye aikina na kula da kwamfutoci, kuma yaran da suka yi koyon aiki a hannuna sun matsa mini lamba in rubuta musu wani abu kafin in tafi. Ba zan faɗi sunan wurin ba. Makaranta ce mai zaman kanta a nan Zariya, wanda ya sani ya sani. Ba kuma zan ɓata lokaci kan buɗe wa sabon ma'aikaci imel ko lallashin firinta ba, duk wanda ya ɗan zauna a kujerar nan ya iya waɗannan.

Maganar diski zan fi daɗewa a kai, don ita ta sa na fara neman wani aikin.

Saba ɗaya tal gare mu, wato babbar kwamfutar da take riƙe bayanan makarantar. A kanta sakamakon jarrabawar ɗalibai yake, da lissafin kuɗin makaranta, da takardun albashi. Diski uku ne a cikinta, an haɗa su a tsarin RAID 5, wanda yake rarraba bayanai ta yadda idan ɗaya ya mutu, sauran biyun za su riƙe aiki har a kawo sabo. Mutuwar ɗaya kaɗai tsarin yake iya ɗauka. Idan na biyu ya bi bayansa kafin a musanya na farko, shi ke nan, komai ya tafi. Kuma diskokin da aka saya rana ɗaya, aka kunna su rana ɗaya, suka sha zafi iri ɗaya, ba su cika ba juna tazara mai yawa ba wajen mutuwa.

Zafi kuwa sun sha shi. Ɗakin da muke kira ɗakin saba tsohon sito ne mai taga ɗaya, esin cikinsa ƙara kawai yake yi. Wanda ya yi Maris da Afrilu a Zariya ya san zafin waje yakan kusa kai 40 a ma'auni, to ina ga ɗakin da na'urori suke fitar da nasu zafin dare da rana. Baturan UPS, na'urar da take riƙe saba na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, su ma a kan zafi 25 ake lissafa shekarunsu, kuma duk ƙarin kusan 10 a kai yana cinye rabin rayuwar baturi. Shi ya sa namu ba sa kai labari. Da an ɗauke wuta, kafin mai janareto ya idar da abin da yake yi ya zo ya tayar, saba ta riga ta mutu ba shiri, abin da diski ya fi ƙi ke nan. Hunturu ya zo da nasa, ƙura ta toshe fanka da duk wata kafar iska.

Sau da yawa diski ba ya mutuwa ba sallama. Yana da tsarin da yake ba da rahoton lafiyarsa, wanda ake kira SMART, kuma nakan duba shi. Da na ga adadin gurabun da suka lalace a diski na farko yana hawa, na rubuta takarda zuwa ga shugaban gudanarwa, wanda duk muke kira Oga. Na nemi abu uku: diskin musanya, da gyaran esi, da na'urar ajiye kwafin bayanai. Shiru. Diskin ya mutu, na sake rubutawa, wannan karon na kai da hannuna.

"Injiniya, yanzu dai na'urar nan ba tana aiki ba?"

"Tana aiki, ranka ya daɗe. Amma idan ɗaya ya sake mutuwa, ba abin da zai rage."

"Ku 'yan kwamfuta kullum cikin tsoratar da mutane kuke. A bari sai sabon zango."

A zangon nan ne aka sayo ƙatuwar talabijin aka liƙa a ɗakin taro. Ban ce komai ba, ni na haɗa mata waya ma.

Da albashi ya shigo na wuce Sabon Gari na sayi diskin waje guda biyu da kuɗina. Na rubuta ɗan umarni da rsync, na sa cron ya riƙa tayar da shi kowane dare, yana kwafe abin da ya canza. Na kulle diskokin da LUKS yadda ko sun faɗi a cikin Keke Napep, wanda ya tsinta ba zai karanta ko harafi ba. Ɗaya yana manne da saba, ɗaya yana gida, ina musanya su duk mako. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, tsohuwar ƙa'ida ce: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. RAID ba kwafin ajiya ba ne. Idan aka goge fayil, ko gobara ta tashi, ko ɓarawo ya ɗauke saba, diskokin duka tare za su tafi. Na kuma rubuta wa Oga cewa ga abin da nake yi kafin makaranta ta sayi nata. Ita ma takardar ban ji amsarta ba.

Diski na biyu ya mutu a makon da ake haɗa sakamako, tsakiyar bazara. Kafin azahar an kira taron gaggawa. A gaban malamai da 'yan ofis, har da yaran da nake koya wa aiki, Oga ya ce sakaci ne, ana biyan mutum albashi yana zaune yana kallon allo. Na buɗe baki zan tuna masa takardun, ya ɗaga hannu.

"Malam, ba gardama muka zo yi ba."

Na lura ranar ban ci Injiniya ba. Kafin la'asar takardar tuhuma tana kan teburina.

Ban amsa ta ba a ranar, aiki na sa a gaba. Na ɗauko wata kwamfutar tebur daga ɗakin karatun ɗalibai, na sa mata Ubuntu, wani nau'in Linux, tsarin da yake tafiyar da kwamfuta kamar Windows, na dawo da rumbun bayanan daga diskina, na bi lissafin kuɗi layi-layi ina gwada shi da rasit ɗin mai karɓar kuɗi. Abin da ya ɓace bai wuce shigarwar safiyar ranar ba, su ma suna nan a takarda. Ana kiran assalatu a masallacin unguwa ina gwada shiga da asusun malami na ƙarshe. Da safe kowa ya zauna ya ci gaba da shigar da maki kamar ba a yi komai ba.

Mai makarantar ya zo da hantsi. Ina tsaye a bakin ƙofa na ji Oga yana ce masa, "Alhaji, alhamdu lillahi mun shawo kan matsalar, da ma mun yi tanadi." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ban damu da shi sosai ba, ba yau aka fara ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar tuhuma ta biyu da ta biyo baya: wai na fitar da bayanan makaranta zuwa gida ba tare da izini ba, har da ambaton Dokar Kare Bayanai ta 2023. Mutumin da yake liƙa kalmar sirrinsa a jikin allo da 'yar takarda mai gam, shi ne yau ya san doka. Na kawo kwafin takardun da na rubuta, ya juya su ya ce bai taɓa ganinsu ba, ina hatimin ofishinsa? Babu. A fayil ɗin ofis ma babu su.

Dokar gaskiya ce, kuma ina goyon bayanta. Bayanan ɗalibai amana ce, bai kamata su riƙa yawo a jakar kowa ba, ko da jakata ce. Amma wanda ya hana a sayi ma'aji, aka sanar da shi a rubuce ya yi shiru, ba shi ne zai ɗauko dokar ya doki wanda ya cece shi da ita ba.

Don haka, ku da za ku zauna a kujerar nan: duk takardar da kuka kai, ku yi kwafi biyu, ku tsaya a kan sakatare har ya buga hatimi da kwanan wata a naku. Ku bi ta da imel, ku sa wani babba a kwafi. Kada ku rubuta "diski yana da matsala". Ku rubuta abin da za a rasa, da kwanakin da za a yi ba aiki, da kuɗin gyara yau da kuɗinsa bayan ɓarna, domin Naira ce kaɗai yaren da ake ji a ofis ɗin sama. Batun saka kuɗin aljihunku kuwa, har yau ina juya shi a raina. Da na bar komai ya ɓace, da a makon an sayi sabuwar saba da esi biyu. Da yake an tashi da safe an tarar komai lafiya, sai aka ɗauka da ma abin bai kai yadda nake faɗi ba. Amma sakamakon nan na 'ya'yan mutane ne, ba na Oga ba, wasu iyayen sai da suka sayar da amfanin gona suka biya kuɗin zangon. Ba zan ce ku yi yadda na yi ba. Ba kuma zan ce kada ku yi ba.

Sauran abubuwan ba su kai wannan zafi ba.

Windows ɗin sata da masu kwangila suke sawa a kwamfutoci, suna kashe sabuntawa don kada a gane, yana cikin ƙofofin da masu kutse suke shigowa ta ciki. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya, alhali Microsoft ta fitar da maganin ramin tun watan Maris. Wata biyu maganin yana nan, ba a sa ba. Windows 7 kuma tun Janairun 2020 aka daina kula da ita, amma ku leƙa shagunan buga takardu daga Kongo zuwa Samaru ku ƙirga. Filashin da ya shiga can ya dawo, kada ya taɓa kwamfutar ofis.

Da ina matashi na yi wa'azin Linux har abokai suka fara guduna. Yanzu na sassauta. A kan saba ban ga abin da ya kai ta ba, Ubuntu mai dogon zango tana fitowa duk shekara biyu a watan Afrilu, ana kula da ita shekara biyar, ba ko kwabo. Amma Hajiyar da ta shekara ashirin tana haɗa albashi da Excel, ka bar ta da abinta. Ba aikinka ba ne ka sauya mata hannu don ka burge 'yan'uwanka a intanet. Gardamar wacce ta fi tsakanin manhajojin rubutu vim da emacs ma na bar wa masu wutar lantarki ta awa ashirin da huɗu.

Idan intanet ta ɗauke, kai za a fara kallo, ko da laifin yana ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin MainOne da WACS da SAT-3 da ACE suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanonin waya suka shiga wahala, ni kuma a nan ana tambayata me na taɓa. Haka ranar 4 ga Oktoban 2021 da Facebook da WhatsApp suka ɓace na kusan awa shida saboda kuskuren saiti a wurinsu, har gida aka biyo ni da waya. Ka koyi ping da traceroute sosai, ka iya nuna wa mutum a allo inda hanya ta yanke. Kuma ka nemi layi biyu daga kamfani biyu, kana sane cewa wani lokaci duk ta waya ɗaya suke fita.

Yaran da suke zuwa mini da Kali Linux a filashi suna son a koya musu kutse a asusun Facebook na wani, amsata ɗaya ce: akwai dokar laifukan intanet tun 2015, kuma wanda bai iya raba adireshin IP ba, bai iya karanta rajistar saba ba, ba ɗan dandatsa ba ne, mai kwafe umarnin wasu ne. Takardar shaida irin CCNA tana da amfani wajen shiga intabiyu. Amma ba ita za ta matse maka kan wayar netwok ba.

Wayar netwok mai arha, aluminiyam ce aka shafa mata tagulla. Ka kankare ta da wuƙa a shago kafin ka biya, kuma ko mai kyau ce kada ta wuce mita 100.

Kafin damina ka duba wayar ƙasa, tsawa ba ta san garanti ba.

Kada ka sabunta komai ranar Juma'a, sai dai idan kana son ka yi Asabar a ofis.

Kwafin ajiyar da ba ka taɓa gwada dawo da shi ba, kada ka rantse a kansa.

Kana iya karanta imel ɗin kowa. Kada ka karanta, ko waye ya ce ka duba masa. An taɓa nema, na ƙi, ina jin ita ma tana cikin lissafin.

'Yan'uwa za su kawo maka waya da rediyo har da dutsen guga, tunda kai ne "mai kwamfuta". Ka koyi cewa ba fanninka ba ne tun da wuri.

Kalmomin sirri duka na rubuta su na sa a ambulan, na liƙe, na miƙa wa mai makarantar hannu da hannu, ya sa hannu a kwafina. Wanda zai gaje ni zai tarar da littafi mai bangon kore a cikin durowa ta biyu, da taswirar kowace waya da inda ta nufa. Kwamfutar teburin nan da na aro daga ɗakin ɗalibai har yau ita ce saba, diski ɗaya ne a cikinta. Diskokina biyu na goge su a gaban shaidu na tafi da abina, tunda ba a taɓa biyana kuɗinsu ba. Takardar neman na'urar ajiya tana ofis ɗin Oga, wannan karon da hatimi.