Na ce "lafiya ƙalau", takarda ta riƙe ni a kai

Ƙannena da ke sanye da kakin sojan Amurka, da waɗanda ke shirin sakawa, da ku nake. Duk Juma'ar da na ga yaronmu da askin soja a sahun masallaci a Bronx, sai in ji ina son jan sa gefe in faɗa masa abin da ba wanda ya faɗa mini. Lokaci ba ya isa, shi ya sa na zauna na rubuta yadda bakina ya hana ni samun Purple Heart, lambar waɗanda suka ji rauni a yaƙi.

A Zangon Kumasi aka haife ni. Bizar caca ce ta kawo ni Amurka, na shiga soja a 2005, aka ba ni tuƙin manyan motocin kaya. Na san akwai masu tambayar abin da ya kai Musulmi yaƙin Iraƙi. Tambaya ce mai nauyi, ni ma na daɗe ina yi wa kaina ita, amma ba ita ta kawo ni yau ba.

A 2007, wani dare muna cikin ayari a kan babbar hanyar da sojoji ke kira Tampa, mun nufi Balad, bam ɗin da aka binne a gefen titi ya tashi tsakanin motata da ta gabana. Haske na gani, daga nan ban sake sanin komai ba sai da na ji sajenmu yana jijjiga ni yana kiran sunana. Sojan jinya ya zo ya haska mini ido da tocila, ya ce, "Ka suma?" Na ce a'a. Ya ce, "Akwai inda ke maka ciwo?" Na ce lafiyata ƙalau. Kunnena na ƙara kamar an kaɗa ƙararrawa a ciki, ƙasa na juya mini, amma haka na faɗa. A motar gaba akwai yaron da jini ke zuba daga cinyarsa, sai na ji kunya ta hana ni buɗe baki a kan ciwon da ba a gani. Mu an rene mu a kan namiji ba ya raki. Tun ranar kaciya ake ce wa yaro kada ya yi kuka, kuma wannan tarbiyya ta yi mini rana a wurare da yawa. A gaban likita kam cutar da ni ta yi.

Kwana huɗu ina amai, ina kasa kallon haske, sannan na je ɗakin shan magani na sansani. A can ma ban ambaci bam ba. Na ce kaina ke ciwo. Likita ya rubuta abin da na faɗa, ya ba ni ƙwayoyi da hutun kwana biyu. Wannan layi guda shi ne duk abin da fayil ɗina ya sani game da daren nan, kuma babu kalmar fashewa a cikinsa.

Lambar da ake ba wanda ya ji rauni a yaƙi ita ce Purple Heart, zuciya mai launin shunayya da hoton George Washington a tsakiya. Shi ya kafa asalinta ranar 7 ga Agusta 1782, aka farfaɗo da ita ranar 22 ga Fabrairu 1932. Ta bambanta da sauran lambobin yabo, domin ba sai wani hafsa ya yaba da jarumtarka ba. Haƙƙi ce, idan ka cika sharuɗɗa taka ce. Sharuɗɗan kuwa uku ne a ƙa'idar sojan ƙasa, AR 600-8-22: raunin ya zo daga aikin abokan gaba, ya kai a ce likita ya yi masa magani, kuma an shigar da maganin cikin takardun hukuma. Na farko ya same ni ba da zaɓina ba. Na ukun ni na rushe shi da bakina.

Ku lura da kalmar likita. Sojan jinya da ke tare da ku a fage ba hafsan likita ba ne. Idan shi kaɗai ya duba ka, sai likita ya rubuta a fayil cewa raunin ya kai wanda da yana wurin shi zai yi maganinsa. Ku kuma san abin da ba ya shiga: bugun zafin rana, cizon sanyi, haɗarin mota da ba abokan gaba suka jawo ba, ƙarar kunne ita kaɗai, da firgicin bayan yaƙi da ake kira PTSD. Ƙarshen nan yana yi wa mutane da yawa zafi, ni ma ina ganin wannan firgicin ba ƙaramin rauni ba ne, amma haka ƙa'idar take. Fashewar dodon kunne tana shiga. Harsashin ɗan'uwanka soja ma yana shiga, idan ana tsakiyar faɗa ne kuma abokan gaba ya nufa.

Buguwar ƙwaƙwalwa irin tawa, sai a 2011 rundunar ta fara fayyace matsayinta. A ƙa'ida tana shiga idan mutum ya suma, ko alamun sun sa likita ya hana shi cikakken aiki fiye da awa 48, kuma aka buɗe ƙofa ga duk wanda abin ya sama tun daga 11 ga Satumba 2001. Na suma. Na yi kwanaki ba na iya aiki. Da na faɗi gaskiya a daren, da magana ta ƙare tuntuni.

Kuskurena na biyu ranar sallama na yi shi, a 2009. Aka miƙo mini DD-214, takardar da ke taƙaita dukan aikinka na soja, wadda za ka riƙa nunawa har ka tsufa. Hankalina na kan jirgin gida, na sa hannu ban karanta ba. Ban nemi kwafin fayil ɗin asibitina ba. Ban karɓi lambar wayar kowa ba in ban da mutum biyu. Muka watse kamar kasuwa ta tashi.

Shekaru suka wuce ina fama da ciwon kai da mantuwa, har likitocin VA, ma'aikatar kula da 'yan mazan jiya, suka tabbatar da raunin ƙwaƙwalwa aka fara biya na diyya. Sai na ɗauka ai shi ke nan, lambar ma za ta biyo baya. Ashe hanya biyu ce daban. VA tana duba halin da jikinka ke ciki yau, ita kuwa lambar rundunar soja ke bayarwa, kuma abin da aka rubuta lokacin da abin ya faru take nema. Na aika buƙatata zuwa ofishin harkokin ma'aikata na sojan ƙasa da ke Fort Knox a jihar Kentucky da dogon labarin da na rubuta da hannuna, ba shaidu, ba takardar likita da ta haɗa ciwon da bam. Aka amsa mini cewa hujja ba ta isa ba, kuma gaskiyarsu ce. Suna son umarnin tura ka fage, bayanin abin da ya faru, takardar likita ta lokacin, da rubutacciyar shaidar mutum biyu da suka gani da idonsu, ban da kai.

Daga nan na koma na fara daga inda ya kamata in fara. Na cike fom SF-180 na nemi takarduna. Kada wanda ya ce muku fayil ba ya ɓata: gobarar 12 ga Yuli 1973 a cibiyar ajiyar takardun ma'aikata ta St. Louis ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, kuma har yau jikokin sojojin Yaƙin Duniya na Biyu da na Koriya suna tattara gutsattsarin hujja. Yanzu kwamfuta ce, amma kwamfuta ba ta ajiye abin da ba a shigar ba. Ku riƙe kwafinku, ku aika ɗaya gida wurin wanda kuka yarda da shi.

Idan ofishin farko ya ƙi, akwai hukumar gyaran takardun soja, kowace runduna da tata, ana shiga da fom DD-149. Doka ta ba da shekara 3 daga ranar da ka gano kuskuren. Hukumar na iya yafe jinkiri idan adalci ya buƙaci haka, amma kada ku dogara da wannan, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji irin su DAV, VFW da American Legion suna da masu taimakawa kyauta. Na yi shekaru ban taka wurinsu ba saboda ina jin abin kamar roƙo ne, alhali mutanen da suka san hanyar ke zaune suna jira.

Wani zai ce duk wannan wahala a kan ɗan ƙarfe? Lambar ba ta zuwa da albashi, amma tana sa mutum a rukuni na 3 na jerin fifiko wajen samun kulawar asibitin VA, tana ba da ƙarin maki 10 wajen neman aikin gwamnatin tarayya, kuma tun 2018 wanda ya same ta bayan 11 ga Satumba 2001 yana da cikakken tallafin karatu na GI Bill ko da bai daɗe a aiki ba. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne ɗiyata ta taɓa tambayata me ya sa nake manta abin da ta faɗa mini da safe, kuma ba ni da takarda ɗaya ta soja da ta ce ga abin da ya sami babanta.

Ku kun fi mu sa'a. Tun 2010 ƙa'ida ta tilasta a duba duk wanda ke cikin mita 50 daga fashewa, a kuma ba shi hutun awa 24. Duk da haka, bayan makamai masu linzami na Iran sun faɗa sansanin Al Asad da ke Iraƙi ranar 8 ga Janairu 2020, sojoji fiye da 100 aka samu da raunin ƙwaƙwalwa, kuma wasunsu sai ƙarshen 2021 aka amince da lambarsu. Saboda haka idan likita ya tambaye ku, ku faɗi ranar, da wurin, da cewa bam ne, da ko kun suma, ku roƙi a karanta muku abin da aka rubuta. Kada ku rage, kada kuma ku ƙara ko da ƙwayar zarra. Da'awar lambar da ƙarya don neman abin duniya laifi ne a dokar 2013, ga kuma shaidar zur a gaban Allah.

Sajen nan da ya jijjiga ni na same shi ta Facebook, ya rubuto shaidarsa cewa ya tarar da ni a sume a kan sitiyari. Abokin zamana a motar ya rasu tun kafin in fara neman kowa. Saura sojan jinyar, wanda sunansa na ƙarshe kaɗai na riƙe. Fom ɗin DD-149 yana cike a aljihun teburina da shaida ɗaya, kuma makon jiya na sake aika saƙo ga wasu mutum biyu na tsohuwar rundunarmu ko akwai wanda ya san inda yake.