Kwana goma sha ɗaya injin tifarmu yana ƙasa

Tifar nan tamu Mercedes 911 ce, tun mahaifinmu na da rai take ɗibar yashi a Katsina, Allah ya jiƙansa. Tun farkon hunturu na lura ta fara shan baƙin mai tana shuɗin hayaƙi, da safe kuma sai an yi ta fama kafin ta tashi, amma aiki ya yi yawa na ce bari mu ƙarasa na hannu. Ranar wata Laraba direba ya kira ni daga hanyar Batagarawa ya ce yallaɓai inji na ƙara, na kashe ta. Allah ya yi masa albarka da ya kashe ɗin.

Muka ja ta zuwa garejin wani dattijo da muke kira Baba wajen Ƙofar Ƙaura, shi ke taɓa ta tun ina firamare. Da aka sauke inji aka buɗe tof, wato murfin saman inji, ya kira ni, ya kama yatsana ya goga a bakin silinda, wallahi sai na ji wani tudu kamar dakali inda ringi, wato zoben da ke jikin fistin, ya cinye ƙarfen. Ya ce ɗana ka ji? ƙura ce wannan. Ashe robar da ta haɗa tukunyar tace iska da inji ta tsage, duk ƙurar hunturun nan kai tsaye take shiga ciki tana gurzar bango. Shi injin dizal ba shi da fulogi, iskar da fistin ya matse ce ke yin zafi har ta kunna man, to in ringi ya saki ina matsin zai fito, shi ya sa take wahalar tashi da safe. Baƙin man ma ya gurɓace har ya zana karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, ya kuma ci metal, ƙarafan da sandar ke kwanciya a kai.

Kaya sai da na je Ƙofar Ruwa a Kano, fistin shida da ringi da metal da gasket, karanshaf kuma aka kai wa masu yanka suka rage milimita 0.25, bulok, wato gangar jikin inji, aka sa masa sabon silif, bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki. Injin OM352 ne mai silinda shida, kayansa ba su yi wuya ba, sai dai jabu sun cika kasuwa dole ka tafi da wanda ya san abin.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne wankin. Yini biyu cur Baba da yaransa suna wanke ramukan da mai ke bi, su zura waya su hura iska su sake wankewa, ni kuma hankalina na kan masu gini da ke ta kira. Na ce Baba a yi haƙuri a ɗan hanzarta mana. Bai ko ɗago ba ya ce in ɓurɓushi ɗaya ya rage a ramin nan, wata guda za ka dawo min da ita. Na yi shiru. Na zauna na ga yadda yake ɗaure tof, daga tsakiya yana fita waje, sannu sannu har zagaye uku, kowane noti da ma'auni.

Ran na sha ɗaya da la'asar aka fitar da iska daga layin mai, Baba ya ce direba ya murza. Ta yi tari sau biyu ta kama, irin ƙarar da na saba ji daga ɗaki da asuba in mahaifinmu zai fita, sai da idona ya ciko. Baba ya ce rabin lodi za ta riƙa ɗauka na sati biyu, sannan a dawo a juye mai a sake duba tof. Robar nan kuwa sabuwa na saya har guda biyu, ɗaya tana ƙarƙashin kujerar direba.