Talata, da shirun da na yi kafin in ce uku

Yau tun ƙarfe huɗu idona biyu. Intabiyun nan ne da nake jira, na aikin koyar da lissafi a wata makaranta ta ƙasar waje, sun sa shi biyar da rabi na asuba saboda su can sun riga mu da awa bakwai, a wajensu rana ta take. Riga tun jiya na goge ta, laftof na kwana da shi a caji, na juya kujera yadda labule ne zai fito a bayana ba tulin takardun makin ba. Maman yara ta tashi ta ja ƙofar ɗakin su Auta don kar wani ya faɗo mana ana tsakiyar magana.

Su biyu ne a Zoom ɗin, firinsifal na sakandare da shugabar sashen lissafi, kuma wallahi hira ta yi daɗi. Matar ta tambaye ni yadda nake raba ɗalibai tsakanin AA da AI, wato kwasa-kwasan lissafi biyu da ake zaɓa a difloma ta IB, shaidar gama sakandare ta ƙasa da ƙasa, na ce mata ni ba maki kaɗai nake dubawa ba, sai na zauna da yaro na ji me yake so ya karanta a jami'a, don wanda ke son injiniya in ka tura shi inda bai dace ba ka cuce shi tun bai fara ba, kuma tun da aka canza manhajar a 2019 iyaye da yawa har yau ba su gane bambancin biyun ba. Sai gyaɗa kai take tana rubutu. Muka gangaro kan IGCSE, jarrabawar da yara ke yi kafin matakin difloma, da yaran da ke gudun aljabra kamar wuta. Shi kuma firinsifal ɗin ya jefo tambayar da ba ta taɓa wucewa, wai in yaro ya same ni ya ce zai faɗa mini wani abu amma kar in faɗa wa kowa. Na ce ba zan yi masa wannan alƙawarin ba, zan saurare shi, in rubuta da kalmominsa, in kai wa jami'in kare yara na makaranta a ranar. Ya ce madalla. Har dariya muka yi sau biyu. A raina na ce to Alhamdulillahi, wannan kam da alamar haske.

Saura kamar minti biyar ya cire tabarau ya ce, ku nawa ne za ku taho?

Ya sani fa. Yana nan a shafina na Search Associates, kamfanin da ke haɗa malamai da makarantun ƙasashen waje, layi guda, ba ɓoyewa na yi ba. Amma sai na ji bakina ya yi nauyi. Daƙiƙa biyu ne ko uku, ba su fi haka ba, ina kallon ɗan koren hasken kamara ban ce komai ba. Sannan na ce mu biyar ne, ni da matata da yara uku. Ya ce ita ma tana koyarwa? Na ce a'a. Ya sunkuyar da kai ya rubuta wani abu gajere, ya ɗago da murmushinsa yadda yake, ya ce za mu ji daga gare su cikin mako ɗaya.

Ni ban ga laifinsa ba, don na san lissafin da yake yi, lissafi ai sana'ata ce. Kowane yaro kujera ce a aji da ba za a biya kuɗinta ba, ga tikitin jirgi, ga inshorar lafiya, ga biza, ga gida mai ɗakuna uku maimakon ɗaya. Shi ya sa makarantu ke rububin miji da mata da duk malamai ne, aji biyu gida ɗaya, kuma da yawa suna ƙayyade yara nawa za su ɗauke wa malami guda. In an ajiye ni gefe da wani saurayi da ba shi da kowa sai jakarsa, takardunmu iri ɗaya, ba sai an gaya mini wa ya fi araha ba. Duk wannan na daɗe da saninsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shirun nan ne. Me ya sa na yi shi? Yarana ne fa. Saboda su nake wannan fafutukar gaba ɗaya, saboda babbar ta samu ta gama sakandare a inda za ta yi diflomar da ubanta ke koyar wa 'ya'yan wasu. Sai ga shi an tambaye ni su nawa ne, na tsaya kamar mai neman yadda zai rage adadin. Ina cikin aji na biyu ina rubuta misali a allo abin ya sake dawo mini, har wata yarinya ta ce Malam ka bar alamar ragi a layi na uku.

Sauran yinin dai haka nan. Mitin ɗin sashe, ba sabon abu. Oga har yanzu bai cike takardar shaida ta sirri da zai ba da a kaina ba, biyu sun shiga saura tasa, na sake tuna masa a baranda ya ce in sha Allahu gobe. Takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi ma tana buƙatar sabuntawa.

Ga kuma fom ɗin nan a jakata, kwana shida ke nan. Juma'a a makarantarmu suke so kowa ya sa hannu, zai sabunta kwantiragi ko zai tafi. Nuwamba fa muke, aikin da ake magana sai Agusta za a fara shi, wata tara nan gaba. Na gane dalilinsu, suna so su san guraben da za su cike kafin tarukan ɗaukar malamai na Janairu a Bankok da Landan, don kafin Fabrairu ta ƙare yawancin manyan makarantu sun gama zaɓensu. Masu bin tsarin Ingila su kan ɗan jinkirta, tunda malami a can yana da har 31 ga Mayu ya ba da sanarwar barin aiki, shi ya sa tallansu ke ci gaba da fitowa a TES, shafin tallan aikin malamai, har wajen Afrilu. Amma wa zai ajiye aikinsa da iyali a wuya ya zauna jiran Afrilu? In na ce zan tafi, washegari za su tallata kujerata, na saki reshe na kama ganye. In na ce zan zauna, to na zauna ke nan, don a wannan harkar shugabannin makarantu duk sun san juna, ka sa hannu ka janye sunanka ya ɓaci har inda ba ka taɓa zuwa ba.

Da dare bayan yara sun kwanta Maman yara ta zo ta zauna kusa da ni ina makin. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, Malam, ɗazu na ji ka yi shiru da ya tambaye ka. Ashe tana bayan ƙofa tana ji. Gabana ya faɗi. Na fara kawo mata bayanin tikiti da inshora, ta ce ba wannan ta tambaya ba. Sai na ce mata gaskiya, tsoro na ji, kuma tun safe nake jin kunyar kaina. Ta ce ita ba ta ji haushi ba, amma in wani intabiyun ya zo in faɗa tun a farko da bakina kafin a tambaya, wanda zai ɗauke mu ya ɗauke mu mu biyar.

Na buɗe wasiƙar da nake turawa makarantu na ƙara layi ɗaya a sakin farko, na goge, na sake rubutawa. Yana nan yanzu. Akwai guda biyu da zan tura wa gobe kafin in shiga aji, fom ɗin kuma ban taɓa shi ba tukuna.