Yadda na karya saiwar irin attaruhuna da hannuna

Har yanzu in na tuna abin nan raina ɓaci yake yi wallahi. Ƙwaya 30 ce kacal a hannuna ta irin attaruhu, kuma ba irin da zan je in sake nemowa ba ne, daga shuka guda ɗaya na cire shi bara na shanya a inuwa na ƙulle a takarda, ita kuma uwar tuni ta mutu.

Hanyar tishu na bi, wadda duk mai tsirar da iri a gida ya sani. Na jiƙa tishu na matse har ya daina ɗiga, na jera ƙwayoyin da ɗan tazara, na ninke na sa a leda na bar bakinta a ɗan buɗe saboda iska, na ajiye a wuri mai ɗumi. Attaruhu dai ba tumatir ba ne da cikin sati ɗaya za ka ga ya fasa, shi yana iya ɗaukar sati biyu har uku, kuma ɗumi yake so wajen digiri 25 zuwa 30, in wuri ya yi sanyi kwanciya yake abinsa. Duk wannan na kiyaye, ba nan matsalar take ba.

Rana ta 9 na buɗe ledar sai ga ɗan farin abu kamar tsinin allura ya leƙo daga bakin ƙwaya wajen 12. To a ranar ya kamata in kai su ƙasa. Amma sai zuciyata ta ce bari dai saiwar ta ƙara tsawo ta yi ƙwari tukuna, wai don kar in wahalar da su suna ƙanana, na mayar da ledar na ƙara musu kwana 4. Kwana huɗun nan su suka cuce ni.

Da na sake buɗewa 21 sun tsira, wasu saiwarsu ta kusa santimita 3, kuma ba a saman tishun take kwance ba, ta huda ta shige cikinsa ta saƙe. Ga wani farin gashi laushi laushi kamar auduga ya lulluɓe ta, da farko ma na ɗauka fumfuna ce, ashe gashin saiwa ne, shi ne yake tsotso wa tsiron ruwa, kuma shi ne ya kama zaren tishun gam. Na sa yatsa biyu na ɗago ta farko a hankali. Ko ƙara ban ji ba, kawai na ga ƙwaya a hannuna da guntun saiwa, tsinin yana can maƙale a tishu. Kuma daga tsinin nan ne saiwa take ƙara tsawo fa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ban tsaya ba. Na ce wannan tsautsayi ne, na ja ta biyu, ita ma haka, na ce bari in ƙara jiƙa tishun ko zai saki, na ci gaba da ja ina gani suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya har 13 kafin tunanin almakashi ya zo min. Almakashi fa! Ka yanke tishun zagaye da tsiron ka binne su tare, tishun da kansa zai ruɓe a cikin ƙasa. Guda 8 da suka rage haka na yi musu, kuma dukansu sun ɗago kai cikin 'yan kwanaki.

Waɗanda na karya ban zubar ba, na shuka su a kofunan roba da na huda gindinsu. Yawancinsu sun fito da ganye biyun farko sai suka tsaya cak, ba gaba ba baya, bayan kwana kaɗan suka yi yaushi suka kwanta. 3 ne suka rayu, ina ganin sun fitar da wata saiwar ta gefe ce, amma har yau a tsumbure suke.

Sauran 9 da ba su nuna alamar komai ba saura kaɗan in jefa su a shara don haushi, sai dai na canza musu sabon tishu na bar su. Rana ta 19 biyar suka fasa. Wannan karon ko kwana ban bari sun yi ba, saiwar ba ta fi rabin santimita ba na yi rami da tsinken sakace, zurfin bai kai santimita ɗaya ba, na sa tsinin yana kallon ƙasa na rufe sama sama ban danna ba. Ruwa kuma fesawa nake yi, don ƙasa in ta cika jiƙewa gindin tsiron ne yake sirancewa ya ruɓe ka wayi gari ka tarar ya faɗi. Da suka fito na matsar da su inda haske yake sosai don kar su yi ta miƙewa siriri ba ƙarfi. Ɗaya ta fito da ɓawon ƙwayar maƙale a kan ganyenta, hannuna har ya kai sai na janye, na ɗiga mata ruwa kawai ya yi laushi, washegari ta yar da shi da kanta.

Don Allah duk wanda zai bi hanyar tishu ya riƙa duba ledarsa kullum, da ka ga farin tsinin nan ka ɗauke ka shuka a ranar, kar ka jira tsawo. In kuma ka makara ta riga ta shige, kar ka ja ko kaɗan, tishun za ka yanka.

Yanzu 16 gare ni a cikin 30. Biyar ɗin nan da suka zo a makare, waɗanda na kusa zubarwa, sun riga sun wuce ukun da na karya tsawo nesa ba kusa ba, kuma a jere kofunansu suke, kullum da safe in na zo fesa ruwa sai na gani.