Abin da koyar da tarihin Gwamna Lugga ya nuna mini

A manhajar tarihi ta manyan azuzuwan sakandare, babin Gwamna Lugga bai fi darasi biyu ko uku ba. Mai jarrabawa shekaru yake nema, ɗalibai kuma su haddace su kamar karatun allo: an haifi Frederick Lugard, wato Lugga, a Madras ta ƙasar Indiya a 1858, ya yi wa kamfanonin Ingila aikin soja a Uganda da Borgu, ya ɗaga tuta a Lokoja ranar 1 ga Janairun 1900, ya haɗe Kudu da Arewa a 1914, ya mutu a 1945. Duk wanda ya kawo waɗannan zai ci maki. Amma ni a cikin birnin Kano nake koyarwa, yaran da ke gabana daga Yakasai da Fagge da Gwale suke fitowa, kuma wasunsu ta Ƙofar Kabuga suke wucewa kullum. Irin waɗannan ba a sallamarsu da jerin shekaru.

Labarin yaƙi shi ne ke riƙe aji. Da na fara batun Magajin Keffi, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902 ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu, ko mai gyangyaɗi sai ya miƙe zaune. Lugga ya sami hujjar da yake nema. Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojojin da ba su kai dubu ba, ya fasa Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairun 1903 ya iso gindin badala da igwa da bindiga mai ruwa. Sarki Alu yana Sakkwato da manyan mayaƙansa, kafin yamma birni ya faɗi. A hanyar dawowa aka yi karon Kwatarkwashi inda Waziri Ahmadu ya rasu, Alu kuma aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lokoja a 1926. Inda ajin ke yin tsit shi ne idan na ce Turawan da ke cikin rundunar 'yan kaɗan ne, masu ɗauke da bindigogin baƙaƙen fata ne, da yawansu ma Hausa suke ji.

Da na daɗe ina maimaita babin nan, sai na rage lokacin da nake bai wa Fabrairu na ƙara wa Afrilu. A watan Afrilun 1903 Lugga da kansa ya naɗa Wambai Abbas Sarkin Kano, bisa sharuɗɗan da ya gindaya. Kafin wannan rana, takardar tabbatar da Sarkin Kano daga Sakkwato take zuwa, kuma can ake kai gaisuwa. Ko Yaƙin Basasa da ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukur da Yusufawa, tushensa zaɓin da Sarkin Musulmi ya yi ne. A Sakkwato, cikin watan Maris, Lugga ya faɗa wa manyan gari ƙarara cewa yadda Fulani suka sami mulki da takobi, haka ya koma hannun Ingila da takobi: naɗawa da tuɓewa da ɗora haraji duk na Gwamna ne yanzu. Ya yi alkawarin ba zai taɓa addini ba. Rawani yana nan, algaita da tambari suna nan, alƙali yana shari'a, dogari yana kamu. Talakan da ke kallon hawan sallah ba zai ga abin da ya sauya ba. Amma sarki ya rantse zai bi Sarkin Ingila, kuma ga Razdan a Nassarawa yana ba da shawarar da ba a ƙin ji.

Wannan shi ake kira mulki ta hannun sarakuna, kuma littattafai na yabonsa a matsayin hikima. Ni dai na fi ganin larura a ciki. Mutum ne da ba shi da kuɗi, ba shi da ma'aikata, ga ƙasa mai faɗi da miliyoyin jama'a, sai ya tarar da daula mai hakimai da alƙalai da malaman rubutu. Wa zai rushe wannan ya fara daga tushe? Daga baya ne, a littafinsa na 1922, The Dual Mandate, ya yi wa abin ado ya mayar da shi falsafa.

Darasi na biyu wani dattijon malami da muka yi aiki tare ne ya sa ni a hanyarsa. Ya kan ce mini: "Malam, ka riƙa tambayar wa ke zaune a Kano lokacin da abin ya faru." Da na bi wannan shawara sai na ga yawancin abin da ake jingina wa Lugga a nan, wasu ne suka aiwatar. Shi a Zungeru yake zaune, kuma a 1906 ya bar Arewa. Razdan Cargill, wanda Kanawa suka laƙaba wa Mai Gunduma, shi ya yanka ƙasar Kano gunduma-gunduma, aka tilasta wa hakimai barin birni su tare a garuruwansu, jakadu suka rasa abin yi. Baitulmali da yanka wa sarki da hakimai albashi, a zamanin gwamnonin da suka biyo bayansa aka kafa su. Makarantar Ɗan Hausa (Baturen nan Hanns Vischer) a Nassarawa ta 1909 da jirgin ƙasa da ya iso a 1911, duk Lugga yana can Hong Kong yana gwamna. Gyaɗar da ta zama dala a bakin tashar jirgi kuwa, fatake da manoman Kano ne suka zaɓe ta, Turawa auduga suka so. Idan aka tattara komai aka ɗora wa mutum ɗaya, ko don yabo ko don zagi, ɗalibi zai fita aji bai san kakanninsa sun yi wani motsi ba.

Duk shekara sai an sami wanda ya ɗaga hannu ya ce: "To Malam, mutumin kirki ne ko azzalumi?" Ba na kaucewa. Nakan ce shi ya hana harin bayi da cinikinsu a kasuwa, ya kuma kafa dokar cewa duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda aka taɓa kamo kakarsa. Amma bai 'yanta bayin da ke hannu ba, ya bar su da fansar kai ta hanyar murgu, don kada gandayen masu sarauta su mutu. Sannan in kawo Satiru. A 1906 talakawa da bayin da suka gudu suka yi bore kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku. Rundunar da Lugga ya tura ta kashe mutanen da aka ƙiyasta sun kai 2,000, yawancinsu da fartanya da gatari a hannu, aka shafe garin. Bayan 'yan makonni aka auka wa Haɗeja, Sarki Muhammadu ya rasu yana yaƙi. Ra'ayina, wanda nake faɗa musu a matsayin ra'ayi, shi ne mutumin da ya yi wannan bai cancanci a kira shi uban ƙasa ba.

Haɗewar 1914 ba na daɗewa a kanta, don lissafi ne: gwamnatin Arewa ba ta iya riƙe kanta sai da tallafin Landan, Kudu kuma na da kuɗin kwastan, mai yawa daga barasar da ake shigowa da ita. Abin da ya fi tsaya mini shi ne Lugga ya kafa jami'a a Hong Kong a 1911, amma ya bar Nijeriya a 1919 Arewa ba ta da ko kwaleji ɗaya. Ta Katsina sai a zamanin Gwamna Clifford.

Tsarin da ya bari ya ƙara wa sarki ƙarfi a kan talaka, ya rage masa ƙarfi a gaban Gwamna. Rabin farko shi ya haifi jam'iyyar NEPU a nan Kano ranar 8 ga Agustan 1950, su Malam Aminu Kano suka yi ta fama da En'e, wato hukumar sarakuna, da 'yan doka da kotunan alƙalai. Sojoji suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Rabi na biyu kuwa ba wanda ya taɓa shi. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta sa Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya yi murabus a 1963 aka kai shi Azare. Gwamnatin Jihar Kano ce ta tuɓe jikansa, Sarki Muhammadu Sanusi na biyu, ranar 9 ga Maris 2020, wata gwamnatin ta maido shi a 2024. Idan na zo nan a darasi nakan gargaɗi aji cewa ba siyasar jam'iyya muka zo yi ba, sannan in ba su aikin gida: kowa ya rubuto sarakunan Kano daga Abbas zuwa yau, a gaban kowane suna ya sa hukumar da ta ba shi sanda.